Jar Ciyawar Bakin Taga

Daga Inna zuwa ga Auta

Assalamu alaikum, Auta 'yar ƙanwata. Ni ce Innarki ke magana, maƙwabciyarki mai ɗinki ce ke rubutawa. Ta ajiye kekenta ta ɗauki biro saboda ni, Allah ya saka mata. Na ce duk abin da ya fito bakina ta zuba shi yadda yake, kada ta yi masa kwalliya, ba riga ba ce.

Ina gaishe ki, ina gaida karatu. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan ta hagu da ke yi mini tsiya duk ranar da hadari ya haɗo. Maganin da kika bari ina sha, farin da safe, jan da yamma, in ban manta ba.

Yau wata guda ke nan da kika ɗauko ni daga ƙauye, kika damƙa mini makullai, kika tafi karatun ungozomarki. Gida yana nan. Famfon banɗaki yana ɗiga, na ɗaure masa tsumma. Kyanwarki ta haifi uku a kwandon wanki, ba ta ko nemi izini ba. Abin da ke damuna ɗaya ne, zaman banza. Hannun da ya saba da gona, ki ajiye shi kan cinya tun safe har yamma, ai sai ya yi tsatsa.

Kin san ƙawata Uwar Tagwaye, wadda gonarta ke iyaka da tawa? Ta zo asibiti a duba mata ido, ta biyo ta nan. Tana shigowa tsakar gida ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke ce kuwa? Ke da kike bin bayan 'yan ƙwadago kina tsince abin da suka bari, yau ke ce zaune cikin ciyawa har ƙugu kamar zomo?" Na ce gidan 'yar boko ne, haka suke son abinsu. Ta ce, "'Yar bokon ba ta da uwa? Bari dai in koma in ba da labari." Mai ciwon ido fa, amma wannan ta gani sarai!

Auta, maganar nan ta tsaya mini a rai. Tana fita na aro fartanya wurin mai gadin makarantar nan. Kafin rana ta take, duk wata ciyawa da ta raina gidan nan na gama da ita. Furanninki ban taɓa ko ɗaya ba, na san abin sonki ne. Kin dai san hannuna, shekara hamsin ina noma ban taɓa barin saiwa a ƙasa ba. In kin dawo ba za ki gane gidan ba.

Ki riƙa cin abinci. Direban da zai kai miki takardar nan zai tashi, mai ɗinki kuma tana hararar kekenta. Sai na ji daga gare ki.

Daga Auta zuwa ga Inna

Wa alaikumus salam, Innata ta kaina. Na samu takardarki, na karanta ta sau uku, har 'yar ɗakinmu tana tambaya wane ne saurayin. Ina lafiya, karatu ne dai ba sauƙi. Wannan gwiwa ki daina wahalar da ita. Kuma jan maganin ne na safe, Inna, farin na yamma. Ki sa Yaya mai ɗinki ta ɗaura wa na safen zare.

Na gode da aikin tsakar gida. Ciyayin da suka fito tsakanin tubala da bayan tanki dama sun daɗe suna damuna. Uwar Tagwaye kuma ki ƙyale ta, bakinta ya riga ƙafarta tsufa.

Abu ɗaya na manta ban faɗa miki ba saboda gaggawar tafiya, ko da yake na san ke ba sai an faɗa miki ba. Jar ciyawar nan ta bakin tagar ɗakina, doguwa, mai kai kamar wutsiyar kyanwa, kin gane ta ai, ta Mama ce. Ranar da aka sayar da gidanmu kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, wani kujera, wani akwati. Ni cebur na ɗauka, na haƙo ta na sa a bokiti, na rungumo ta a mota mutane suna kallona. Wanda ya sayi gidan ya malale tsakar gidan da siminti, don haka ba sauran wata sai wannan. Na zagaya wurin masu sayar da shuke-shuke, kore kawai suke da ita.

Ga yadda ake yi mata. In ruwan sama ya ɗauke, ki ba ta ruwa sau biyu a mako, buta ɗaya ta isa, ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Kada ki sa mata taki da yawa, sai ta yi lalaci ta kwanta. In kawunan sun bushe, a yanke ta a bar taƙi ɗaya, za ta sake tohowa da kanta, shekara da shekaru haka take yi. Amma kada a tona gindin. Kan nan da kike gani ado ne kawai, ba ya ba da iri. Sai dai a tsaga gindinta a dasa, shi ma sai ta cika shekara uku.

Da safe in iska ta kaɗa ta tana goga taga, sai in ji kamar Mama ce ke shara. A nan ba abin da ke goga tagata sai hayaƙin janareto.

Ki gaida Yaya mai ɗinki da 'yan kyanwa. 'Yarki, Auta.

Daga Inna zuwa ga Auta

Assalamu alaikum. Mai ɗinki ce dai ke rubutawa. Ina gaisuwa. Ina lafiya. An ɗaura wa magani zare.

Na ji saƙonki, an karanta mini. Na sa an maimaita.

Famfo ya daina ɗiga, mai gyara ya zo. 'Yan kyanwa sun buɗe ido, ɗaya baƙi ne, ya fi sauran fitina. Ruwan sama ya fara ja da baya. An buɗe sabon shago a bakin titi, ana sayar da bokitai. Mai gadin makaranta yana gaishe ki.

Ciyawa tana nan. Ina ba ta ruwa. Wurin dai yana nan da ciyawa a ciki, ja-ja haka, da kai da komai.

Ba ni da wata magana. Kaina ke ciwo.

Daga mai ɗinki: Auta, ina gaisuwa. Abin da aka ce in rubuta shi na rubuta.

Daga Auta zuwa ga Inna

Inna, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mako biyar ina zuwa tasha ina tambayar direba, sai ga takarda da ba ta cika tafin hannu ba. Ke da in kin fara magana sai biro ya ƙare? Ko jikin ne kike ɓoye mini? Ko kuwa na ɓata miki rai? Na sake karanta abin da na rubuta, na ga na jero miki umarni kamar wata 'yar aiki, ke da kika koya wa rabin ƙauye shuka. Ki yi haƙuri, Inna, ba raini ba ne, ɗoki ne.

Ciwon kan nan, in ya wuce kwana uku ki je a auna ki.

Ina roƙon abu ɗaya. Ki tsinko mini kai ɗaya na ciyawar Mama, ki sa a cikin ambulan. Zan maƙala shi jikin littafina. Jarrabawa ta matso, ina son in riƙa ganin wani abu na gida.

Daga Inna zuwa ga Auta

Assalamu alaikum, Auta. Lafiya lau nake, ba ki ɓata mini komai ba, ki cire wannan a ranki. Kai ya daina ciwo.

Ga abin da kika ce a aiko, yana cikin takarda. In kin ga ya ɗan canja, hanya ce, kin san zafin mota.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Daga mai ɗinki: Ni ba ni na tsinko ba, ba ni na naɗe ba. Liƙe ambulan kawai na yi.

Daga Auta zuwa ga Inna

Innata, ina gaishe ki da kyau. An gama jarrabawa, alhamdu lillahi.

Na buɗe saƙo. Inna, wannan kyasuwa ce, irin wadda ke fitowa bakin hanya. Ina buɗewa ta watse ta maƙale mini a mayafi. Ta Mama ba ta yin haka.

Na kwana biyu ina tunani, na gane komai. Ta mutu, ko? Kika rasa yadda za ki faɗa mini ana gab da jarrabawa, shi ne kika je da wannan gwiwar taki kika nemo mai kama da ita don hankalina ya kwanta. Laifina ne. Tun kafin in tafi na ga gefe ɗaya yana rawaya, na ce sai na dawo. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na tuna ke ce kika ɗauki wannan nauyi ke kaɗai saboda tausayina, sai na ce Allah ya ɗauke mini uwa ya bar mini uwa. Na gode, Inna. Kada ki sa komai a ranki.

Daga Inna zuwa ga Auta

Assalamu alaikum, Auta. Mai ɗinki ce ke rubutawa. Yau na ce ta rufe shagon, ta zauna sosai, don maganar da tsawo. Lafiyata lau, ba jiki ne ke ciwo ba.

Da ma zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi. Da aka zo wurin "na gode, Inna," sai da na ja mayafi na rufe fuska. Ki mayar da godiyarki, ba tawa ba ce.

Ciyawar mahaifiyarki ba mutuwa ta yi ba. Ni na nome ta. Ranar da Uwar Tagwaye ta yi mini dariya, ita ce ciyawar da ta nuna da baki, ita na fara sara. Gindinta ya yi taurin kai, na yi ta dukansa har na jiƙe da gumi, ina cewa yau sai ni ko ke. Na tumɓuke ta na jefa waje. Mai amalanken nan da ke wucewa ya ce, "Iya, in ɗauka?" Na ce ɗauki har da godiya. Jakinsa ne ya cinye ta, Auta. Abin da kika rungumo a bokiti, jaki na ba.

Da takardarki ta zo mai ɗinki tana karantawa, tana kaiwa wurin "ta Mama ce" sai ta dubi bakin taga, ta dube ni. Na ce ci gaba mana, me kike kallo? Amma na riga na gane abin da na aikata. Washegari na bi mai amalanke har gidansa, ko da saura. Ya nuna mini jakin. Jakin ya dube ni, na dube shi.

Daga nan sai shaiɗan ya ba ni shawara. Na tafi bayan makaranta na haƙo kyasuwa guda huɗu masu jan kai, na dasa a wurin. Ni fa! Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yaƙi da kyasuwa, ga ni da buta ina lallashinta safe da yamma. Mai ɗinki ta ce, "Inna, wannan ɗinkin ba zai riƙe ba, ki faɗa mata kawai." Na ce ke dai rubuta abin da aka sa ki. Ta yi gaskiya, kada ki ga laifinta. Mai ɗinki, rubuta wannan ma, kada ki tsallake don kunya.

Akwai wadda ta fi wannan. Kin ce na gane ciyawar ba sai an faɗa mini ba. Na yi ta gaya wa kaina ban gane ta ba. To ban sani ba, Auta. Wataƙila na gane, ban so in gane ba ne.

Ke ba kya ɗakin ranar, kin tafi karɓo magani. Zuwana na ƙarshe ke nan wurin mahaifiyarki tana kwance. Kin san tun muna yara 'Yar Gayu nake kiranta. Ni ina kaftu, ita tana gefen gona tana tsinko furen ciyawa tana sokawa a kitso. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji. Ranar nan an jingina ta da filo tana kallon waje ta taga, ta rame kamar ba ita ba. Ta ce, "Yaya, ga buta can, taimaka ki ba ciyawata ruwa, kwana huɗu ba wanda ya tuna da ita." Ki ji ni da baki, na ce, "Ni? In ba ciyawa ruwa? Ke har kan gadon ciwo ba za ki bar gayu ba? Ki warke ki ba abarki." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Yaya ke nan. Ke komai sai an ci shi kafin ya yi amfani." Na gyara mata filo, na yi mata sallama, na kama hanya don ina sauri in tarar da mota. Ban ba ta ruwan ba. Bayan kwana tara aka aiko mini ta rasu.

Buta ɗaya fa ta roƙe ni. Duk zamanmu da ita ba ta taɓa roƙona ko allura ba.

Tsaya, mai ɗinki, bari in sha ruwa.

To. Da takardarki ta ƙarshe ta zo, na ce ƙarya ta ƙare, bari in kawar da kyasuwar nan, dama ta bushe ƙamas, shekara ɗaya take yi ta mutu, ta kuma zubar mini da iri ko'ina, baɗi za ki sha aiki. Na sake aro fartanya. Mai gadi har yana cewa, "Iya, wa kuma za a kashe yau?" Na janye busassun karan, na ɗaga fartanya zan daidaita ƙasa, sai idona ya faɗa can lungu, daidai inda bango ya haɗu da dakalin taga. Wasu 'yan ganye uku, sirara, ba su kai ɗan yatsa ba. Ja. Ba jan kyasuwa ba, ja mai duhu har ƙasa, kamar an tsoma su a rini.

Hannuna yana sama fa. Da na sauke shi, shi ke nan. Na jefar da fartanyar na ƙwala wa mai ɗinki kira, ta fito da almakashi a hannu tana zaton maciji ne. Ta durƙusa ta duba, ta ce, "Inna, ita ce."

Kin ga abin da ya faru? Ranar da na nome ta, gwiwar nan ta hana ni durƙusawa in shiga lungun, na sara daga tsaye, wani guntun gindi ya tsira a ƙasa. Ni da na cika miki baki ban taɓa barin saiwa ba, ashe na tsufa ban sani ba. Ruwan da na yi wata biyu ina zuba wa ƙaryata, shi ya gangara ya tashe ta. Ba dabarata ba ce, ba kirkina ba ne. Aikin banza na yi, Allah ya rufa asiri.

Ban ce ta tsira ba tukuna, kada ki sa rai da yawa. Ganye uku ne. Na kife mata tsohon kwandon wanki da na cire wa gindi, saboda baƙin ɗan kyanwar nan ya sa mata ido. Na tone 'yar hanya don kada ruwa ya kwanta mata. Taki ban sa ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. Sau biyu a mako, buta ɗaya, yadda kika ce. Na sa an sake karanta mini takardarki ta farko har na haddace.

Shekaranjiya Uwar Tagwaye ta dawo a cire mata bandejin ido. Ta tarar da ni zaune kan 'yar kujera da buta, ina leƙa cikin kwando. Ta ce, "Kaza ce ke kwanci?" Ta leƙa. Ta ce, "La ila! Ciyawa kike reno? Wallahi sai ƙauye ya ji." Na ce ki fara daga gidan mai unguwa, ki bi gida-gida, in kin gaji ki dawo in ƙara miki labarin jaki. Ta ce na haukace. Na ce matsa, kin tare mata rana.

Ban roƙe ki gafara ba, Auta, bakina bai kai ba. In kin dawo kika ce in tattara in koma ƙauye, ba zan ce kin zalunce ni ba. Abu ɗaya dai, in ta rayu ta cika shekara ukun nan, in ina da rai, ki tsaga mini kaɗan. Akwai wuri a bakin ƙofar ɗakina.

Yau da safe da na zuba mata ruwan na ce, "'Yar Gayu, ga butarki." Ban san ko...

Na gaji. Ya isa haka.

Daga mai ɗinki: Auta, nan ta tsaya. Na jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba, tana zaune ta juya fuska wajen taga. Da zan fita na leƙa kwandon. Ganye huɗu ne, idonta bai ga ƙaramin ba. Ban faɗa mata ba, na bar mata ta gani da kanta gobe.